Shirin fara ƙaramar sana'a: abin da ya wajaba ka sani kafin ka zuba jari

Tambaya

Ni matashi ne mai iyali, ina zaune a Boɗinga. Na tara naira 300,000 daga noman damina da aikin ƙarfi, ina son in fara sana'a, ko kiwon ragunan layya ko sayen hatsi da albasa in ajiye. Kawuna da ke Shagari ya ce zai ƙara mini naira 300,000, da sharaɗin in riƙa ba shi naira 20,000 duk wata, kuɗinsa kuma suna nan yadda suke. Matata ma tana son ta fara 'yar sana'a a cikin gida. Ta ina za mu fara, kuma mene ne hukuncin kuɗin kawun nawa?

Taƙaitacciyar amsa

Sharaɗin da kawunka ya gindaya bai halatta ba, domin rance ne da ya jawo ƙari. Ana iya gyara shi ya koma ƙiradi, wato ku raba ribar da aka samu bisa kaso sananne. Kafin ka taɓa kuɗin, ka koyi hukuncin cinikin da za ka shiga, ka yi lissafi a rubuce, ka shawarci waɗanda suka riga ka, sannan ka yi istihara.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: matsayin neman na kai

Ka sani, Allah ya yi maka albarka, ciyar da iyali wajibi ne a kanka, neman halal domin sauke wannan wajibi kuwa ibada ce idan niyya ta gyaru. Annabi (SAW) da kansa ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA) kafin a aiko shi. Bukhari ya ruwaito cewa da Abdurrahman bn Auf (RA) ya iso Madina ba shi da komai, Sa'ad bn Rabi'i (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan mawadatan sahabbai. Saboda haka kada ka raina abin da ke hannunka.

Ƙasar da kake zaune ma tana da gado a wannan babi. Shehu Usmanu bn Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Masu tarihi sun ambata cewa Shehu yana tufkar igiya domin ya ci daga aikin hannunsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa littafi guda ya wallafa a kan hukunce-hukuncen neman abinci, mai suna Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib.

Na biyu: ilmi kafin ciniki

Malamai sun tabbatar da cewa bai halatta baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Ba a nufin sai ka haddace babin ciniki na Risala ko Muhtasar. Abin da ya hau kanka shi ne hukuncin irin cinikin da za ka yi: mai hatsi ya san hukuncin hatsi, mai dabbobi ya san na dabbobi.

Ciniki yana inganta idan ɓangarorin biyu sun yarda, abin sayarwa mai tsarki ne, mai amfani a shari'a, mallakin mai sayarwa ne ko an wakilta shi, ana iya miƙa shi, kuma an san kayan an san farashin.

Ka lura da wata kalma da take rikita mutane. A Hausa muna kiran ƙarin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa riba, kuma muna kiran ƙarin da aka haramta riba. A Larabci kalmomi biyu ne daban. Aya ta 275 a Suratul Baƙara ta raba tsakaninsu, ta halatta ciniki ta haramta ɗayan. A nan za mu kira na halal riba, na haram kuma kuɗin ruwa.

Na uku: zaɓen sana'a

Kada ka zaɓi sana'a don ka ga maƙwabcinka ya samu a cikinta. Ka yi wa kanka tambayoyi huɗu: Wa zai saya? A ina zan saro? Me na iya a cikin aikin? Kwana nawa kuɗina za su yi kafin su dawo?

Boɗinga da Shagari duk suna kan babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal zuwa Jega. Wannan yana sauƙaƙa kai kaya birni da saro su daga can, yana kuma kawo matafiya masu bukatar abinci, ruwa, faci da cajin waya. Yankin na gero ne da dawa da wake da gyaɗa, ga noman rani a fadamu da wajen madatsar ruwan Shagari, ga tumaki da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Sana'ar da ta jingina da abin da ƙasarku take fitarwa ta fi wadda sai an yi doguwar tafiya kafin a samo kayanta sauƙin farawa.

Sana'o'in biyu da ka ambata suna riƙe kuɗi wata da watanni ba tare da sun ba ka na cefane ba. Idan ba ka da wata hanyar ciyar da gida a tsawon wannan lokaci, jarin za ka ci. Ka tabbata akwai hatsi a rumbu ko wani aiki na gefe kafin ka fara.

Sannan ka nemi wanda ya daɗe a sana'ar, mai amana, ka bi shi kasuwa sau uku ko huɗu ba tare da ka sayi komai ba. Ka ga yadda ake duba haƙoran rago, yadda ake taya, abin da dillali yake karɓa, abin da mota take ci. Da ɗan gari akan ci gari.

Na huɗu: lissafi a rubuce

Ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da zai fita. Ga misali da ragunan layya, alƙaluman kuwa na kwatance ne, sai ka sauya su da farashin kasuwarku.

A ƙaddara jarin naira 600,000 ne. Ka sayi raguna 4 a kan 100,000 kowanne, 400,000 ke nan. Harawa da dusa da kanwa na wata huɗu 120,000. Magani da kuɗin mota da la'ada 30,000. Jimillar abin da ya fita 550,000, ragowar 50,000 ka ajiye don ko-ta-kwana. Idan ka sayar da kowanne 170,000 ka samu 680,000, riba 130,000. Idan ɗaya ya mutu, ukun za su ba ka 510,000, ka faɗi da 40,000. Wannan lissafi na biyu shi ne wanda masu farawa suke mantawa da shi, alhali shi yake nuna maka ko za ka iya ɗaukar sana'ar.

Ka kuma duba lokaci. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. An yi ta ranar 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025. Watannin kiwo suna faɗawa ke nan cikin rani da bazara, lokacin da abincin dabbobi ya fi tsada. Mai dabara tun da kaka yake tara harawar wake da ta gyaɗa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi wa dabbobin rigakafi da maganin tsutsar ciki tun shigowarsu ta hannun ma'aikacin lafiyar dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato idan ciwo ya fi ƙarfin na kusa.

Akwai kuma abubuwan da ba a hannunka suke ba. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin mota cikin kwana kaɗan. Rufe iyaka da Nijar a watan Agustan wannan shekara ya tsayar da fataucin Illela da Ƙwanni na tsawon watanni. Don irin wannan ne ba a zuba jari duka a kaya ɗaya, ba a kuma sayar da gonar gado ko gidan zama domin sana'ar da ba a gwada ba.

Na biyar: kuɗin kawunka

Abin da ya gindaya ya haɗa abu biyu: ka lamunce masa uwar kuɗinsa, kuma ka ba shi adadi yankakke duk wata. Duk kuɗin da aka lamunce dawowarsu rance ne ko da an kira su jari, rancen da aka sharɗanta masa ƙari kuwa kuɗin ruwa ne da ijma'in malamai. Zumunci da yardar juna ba sa halatta shi. Ka duba lissafin da ya gabata: a wata huɗu zai karɓi 80,000. Idan rago ya mutu, faɗuwar 40,000 da wannan 80,000 duk a wuyanka suke, shi kuwa ko sisi bai rasa ba. Wannan shi ne zaluncin da shari'a ta toshe.

Mafita ɗaya ce daga cikin biyu. Ko ya ranta maka don Allah, ka mayar masa da 300,000 ɗinsa ba ƙari a lokacin da kuka yanka, ko ku ƙulla ƙiradi, wanda ake kira mudaraba. Sharuɗɗan ƙiradi a mazhabar Malikiyya su ne:

1. Jarin ya zama tsabar kuɗi sanannu da aka miƙa maka, ba kaya ba, ba kuma bashin da ake bin ka ba.
2. Rabon riba ya zama da kaso, kamar rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku. Ba a yanka adadin naira.
3. Idan aka faɗi, asarar kuɗi tana kan mai kuɗi, kai kuma ka yi asarar wahalarka.
4. Ba a sharɗanta maka lamuni. Amma idan ka yi sakaci, ko ka saɓa abin da kuka yi yarjejeniya a kai, to ka biya.
5. Ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo cif.

Tunda kai ma kana da 300,000, idan ka haɗa kuɗin da saninsa, ribar 130,000 za ta kasu biyu tukuna. Naira 65,000 ta kuɗinka ce kai kaɗai. Ɗaya 65,000 ɗin ita za ku raba, idan rabi da rabi ne kowa ya ɗauki 32,500. Idan faɗuwar 40,000 ce, kowa ya ɗauki 20,000 gwargwadon kuɗinsa.

Ka je masa da ladabi, domin mai yiwuwa taimako ya nufa, hukuncin ne bai sani ba. Idan kana jin nauyinsa ka tafi da malamin da yake girmamawa. Idan ya ƙi, ka yi masa godiya, ka fara da raguna biyu da kuɗinka. Hakan ya fi maka huɗu da kuɗin ruwa a cikinsu.

Sauran hanyoyin samun jari na halal sun haɗa da adashi, wanda mafi yawan malaman wannan zamani suka halatta matuƙar zubi daidai ne kuma kowa abin da ya zuba yake kwasa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Yawanci suna aiki da murabaha, wato bankin ya sayi kayan ya mallake su, sannan ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Ka karanta takardar ko ka sa a karanta maka, ka tabbata bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar maka. Wanda yake cikin masu cancantar zakka kuma yana iya neman tallafin jari daga Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato. Ka nisanci manhajojin waya masu ba da rance da ruwa, da duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ninka maka su cikin wata ɗaya.

Na shida: rubuta yarjejeniya da bashi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, wadda ke bi mata kuma ta yi maganar jingina. Ku rubuta adadin kuɗin, ranar karɓa, irin sana'ar da kason kowa, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Rubutu da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Wannan ba rashin yarda ba ne. Mutuwa tana zuwa ba sallama, magada kuma abin da ke rubuce suka sani.

Ka tanadi littafi guda na sana'a: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda kake bi, wanda yake bin ka. Ka raba aljihun gida da na sana'a, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka. Ƙananan sana'o'i da yawa cefane da biki da bashin 'yan'uwa ne suke cinye su. Ka sa wa bashin da za ka bayar iyaka tun ranar farko. Ya halatta farashin bashi ya fi na hannu a wurin jamhurun malamai, idan an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla cinikin. Amma idan lokaci ya yi mutum bai biya ba, haramun ne a ƙara masa ko naira ɗaya saboda jinkiri, kuma aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa wanda yake cikin ƙunci.

Na bakwai: idan hatsi ko albasa ka zaɓa

Ga mas'aloli biyar da mai wannan sana'a ba ya rabuwa da su.

Musayar hatsi da hatsi. A Malikiyya duk abincin da ake rayuwa a kansa kuma yake ajiyuwa, kamar gero, dawa, shinkafa da masara, hukuncin kuɗin ruwa yana shiga cikinsa. Gero da gero sai mudu da mudu daidai, hannu da hannu, ko da ɗaya ya fi kyau. Gero da dawa jinsi biyu ne, ya halatta ɗaya ya fi yawa, amma dole a yi musayar nan take. Ba da buhu ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka kuɗin ruwa ne tsantsa.

Biyan kuɗi kafin kaka. Ya halatta ka ba manomi kuɗi da damina ya kawo maka hatsi da kaka. Shi ne salam, wanda Annabi (SAW) ya tarar mutanen Madina suna yi da dabino, ya tabbatar da shi da sharaɗin a san awo, a san nauyi, a san lokaci. Ka biya kuɗin duka a farko, Malikiyya sun yi rangwamen jinkirin da bai wuce kwana uku ba. Ku ambaci irin hatsin da mudun da za a auna da shi, wa'adin kada ya gaza kwana 15, kuma kada a ɗaure shi da amfanin wata gona guda, domin tana iya ƙin yi. Ka ji tsoron Allah a farashi, kada ka mai da yunwar ɗan'uwanka ta watan Agusta abin cin riba.

Sayarwa kafin karɓa. Abincin da ka saya da awo ko nauyi ko ƙidaya bai halatta ka sayar da shi ba sai ka karɓe shi. Sayen buhuna ta waya a sayar da su ta waya alhali suna rumbun mai su ba a auna maka ba ya shiga cikin wannan hani.

Ajiya da ɓoyewa. Muslim ya ruwaito hadisin Ma'amar bn Abdullahi (RA) mai zargin mai ɓoye kaya. Abin da aka hana shi ne kwashe abinci daga kasuwa ta yadda zai cutar da jama'a, ko riƙe shi lokacin da mutane suke cikin tsananin bukata. Saye da kaka lokacin da kaya suka yi yawa, a fitar da su idan sun yi ƙaranci, halal ne, haka ma manomin da ya ajiye abin da ya noma. Game da albasa, ka sa a lissafinka cewa tana raguwa da nauyi kuma wata tana ruɓewa. Tana bukatar rumbu mai shan iska da yawan dubawa, buhunan da ka zuba ba su za ka kwasa ba.

Tare hanya. An hana tare masu kawo kaya daga ƙauye kafin su iso kasuwa su san farashi. Ka bari su sauke, ka taya kamar kowa.

Na takwas: mudu, aibi da rantsuwa

Sura guda, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye awo aka kira ta, mutanen Annabi Shu'aibu (AS) kuma wannan laifi yana cikin abin da ya halaka su. Mudun saye da na sayarwa su zama ɗaya. Kada a bubbuge gindin kwano, kada a zuba mai kyau a bakin buhu a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus.

Mai raguna ya san abin da yake isarwa a layya, domin mai saye don ibada yake saye. A mashhurin Malikiyya rago sai ya cika shekara ɗaya. Hadisin Bara'u bn Azib (RA) ya fitar da dabbobi huɗu: mai ido ɗaya, marar lafiya, gurguwa da ramammiya, idan aibin ya bayyana. Wajibi ne ka faɗi aibin da ka sani. Ɗura wa dabba ruwa ko wani abu don cikinta ya cika ranar kasuwa algus ne. La'adar dillali halal ce idan an san ta, amma haɗa baki da wani ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba haramun ne. Ka kiyaye harshenka daga yawan rantsuwa, domin ya tabbata a hadisi cewa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka.

Na tara: zuwa ga uwargida

Ki sani, ya 'yar'uwa, dukiyarki taki ce, kuma kina da ikon saye da sayarwa da ita. Ribarki ba ta sauke wa mijinki nauyin ci da sha da tufafi, abin da kika taimaka da shi da daɗin rai sadaka ce. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu.

Ki zaɓi abin da unguwa take saye kullum kuma kuɗinsa suke juyawa da sauri: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, fura, kayan miya, ɗinki, saƙar hula, kiwon kaji ko awaki. Ku yi shawara da maigida a kan fita da lokutan aiki tun kafin ki fara. Idan ya ranci kuɗin sana'arki, ku rubuta. Idan kina tallata atamfa ko takalma ta WhatsApp alhali ba ki mallake su ba, ki tuna Annabi (SAW) ya hana Hakim bn Hizam (RA) sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafita ita ce ki zama wakiliyar mai kayan da lada sananne, ko ki saya ki karɓa sannan ki sayar. Kada kuma sana'arki ta zama dalilin hana 'yarki makaranta ko tura ta talla tasha da bakin titi. Ki sayar daga gida, ko ki ba mai shago sari.

Na goma: hukuma, Juma'a da zakka

Idan sana'a ta fara tsayawa, ka yi wa sunanta rajista a hukumar CAC, domin bankuna da masu ba da tallafi suna neman takardar. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, ita ke kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma tana horar da masu su. Abinci ko abin sha da za a ƙulle a leda ko kwalba a kai shaguna yana bukatar lambar NAFDAC.

Idan aka yi kiran sallar Juma'a na biyu, ciniki ya haramta ga duk wanda Juma'a ta wajaba a kansa, a Malikiyya ma warware shi ake yi. Bayan sallama sai a koma nema, kamar yadda aya ta 10 a Suratul Jumu'a ta ba da izini.

Nisabin zakkar kuɗi da kayan ciniki shi ne dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa, abin fitarwa kuma kashi 2.5 cikin 100 bayan shekara ta zagayo. Malikiyya sun kasa 'yan kasuwa biyu. Mai juya kaya kullum, kamar mai shago, yana yi wa kayansa kuɗi sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar hannunsa da bashin da yake sa ran a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, ya fitar idan ya kai nisabi. Mai ajiye kaya yana jiran kasuwa kuwa sai ya sayar yake fitar da zakkar shekara ɗaya, idan shekara ta riga ta zagayo wa jarin. Shago da sikeli da kayan aiki ba a lissafa su. Ko jarinka bai kai nisabi ba yanzu, ka rubuta watan da ka mallake shi, domin a Malikiyya shekarar riba tana bin shekarar uwar kuɗi ne.

Daga ƙarshe

Idan ka gama shawara da lissafi, ka sallaci raka'a biyu ka yi addu'ar istihara wadda Jabir bn Abdullahi (RA) ya ruwaito. Ba sharaɗi ba ne ka yi mafarki. Ka ci gaba da abin da ka nufa, idan alheri ne Allah zai sauƙaƙe shi, idan ba haka ba ya kawar da kai daga gare shi. Ka nisanci masu duba da masu ba da layar kasuwa. Ka riƙa sammako, domin Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma Sakhrul Gamidi (RA), wanda ya ruwaito hadisin, da sassafe yake tura kayan fataucinsa har dukiyarsa ta yawaita. Idan ka samu ka gode, idan ka faɗi ka koma littafinka ka ga inda kuskuren yake, kada ka nemi mayar da asara ta hanyar haram.

Muna roƙon Allah ya buɗa maka kai da iyalinka ƙofofin halal, ya sanya albarka a jarinku, ya daidaita tsakaninka da kawunka.

Allah ne mafi sani.